In An Koma Gida Fataskum, Me Za A Yi Da Hannu?

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya je Kara ta kan hanyar Ikko zuwa Badun, ko kuwa mayankar Oko-Oba a Agege, ya ga manyan motocin da ke sauke shanu bayan sun yiwo tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Arewa. Da yawa daga cikinsu daga Fataskum suka taso, watau garin nan na Jihar Yobe da ake rubutawa Potiskum, inda kasuwar shanu ke ci ran Laraba. Jama'a dai shanun suke kallo, ana tayawa ana cewa albarka. Ni kuwa yau bayan motar nake so mai karatu ya duba. Zai ga an zana masallaci da hasumiyarsa, ko giginya, ko gaggafa ta buɗe fikafikai, ga furanni kewaye, ga kuma 'yar addu'ar sauka lafiya a ƙasa. Ba daga kamfani motar ta zo da wannan ado ba. Mutum ne ya tsuguna a gareji da gwangwanin fenti da buroshi ya yi shi, kuma galibin masu wannan aiki a hannun maigida suka koya, ba a aji ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne halin da dattawanmu ke shiga in sun bar Kudu sun koma gida. Mutum ya yi shekara 30 ko 40 yana tuƙi, ko gadi, ko dillancin shanu, ko sayar da albasa a Mile 12. Ran da ƙarfi ya ƙare sai ya tattara ya tafi. Watan farko ana ta zuwa yi masa barka da zuwa, daga nan sai ƙafa ta ɗauke. 'Ya'yan da aka haifa a Ikko can suka zauna, tsaransa kuwa rabi sun riga mu gidan gaskiya. Sai ka tarar daga masallaci sai tabarmar ƙofar gida, daga tabarma sai masallaci, hannun da bai taɓa sanin hutu ba yana ajiye bisa gwiwa. Ba yunwa ke cin irin wannan dattijo ba, kewa ce da zaman banza, kuma kowa ya san yadda suke karya mutum da sauri. Shawarata ga wanda ya kusa komawa, ya sa 'yan buroshi da fenti cikin kayansa.

Na san abin da za a ce. Za a ce zane wasan 'yan makaranta ne, ko aikin Turawa, bai kamaci mai furfura ba. To, a yi haƙuri a tuna da allon zayyana. In yaro ya sauke Alƙur'ani, wa ke shafe allon da fari ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa, ya tsaga layuka ba karkata? Malami ne, sau da yawa kuwa tsoho. Fataskum tana cikin Jihar Borno har 1991 da aka ƙirƙiro Yobe, ƙasar Borno kuwa ba a ja da ita wajen rubutun Alƙur'ani da ƙawata shi. A tuna da adon bangon gidajen Zariya da Kano, dagi da sauransu, wanda har wani Bature, Kirk-Greene, ya rubuta littafi a kansa a 1963. A tuna da zanen ƙwarya, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, wadda sai an zana ta kafin a sa allura. A 1976 an baje kolin ayyukan hannu na Hausawa a birnin London, wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello mai suna David Heathcote ya shirya. Ashe ke nan abin namu ne tun kaka da kakanni, kwalin da buroshin kanti ne kawai baƙi.

Har ma fentin ba baƙo ba ne ƙwarai. Fentin ruwa da ake sayarwa a kantunan littattafai, abin da ke riƙe launinsa a jikin takarda ƙaro ne, wannan dai ƙaron da ake ɗiba a jikin dakwara a dazukan Yobe da Borno ana fita da shi ƙasashen waje. Shi ne kuma almajiri ke jiƙawa ya haɗa da baƙi ya yi tawada. Mu muke sayar da shi da buhu, a dawo mana da shi cikin ɗan akwati da tsada.

Sai maganar addini, wadda ba za a tsallake ta ba. Malamai da yawa sun hana zana abu mai rai, mutum ko dabba, kuma mai wannan shafi ba mai ba da fatawa ba ne. Amma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya yi masa gargaɗi a kan surar masu rai, sa'an nan ya nuna masa ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan fili ne mai faɗi. Kuka da tsamiya, rumbu da rijiya, soro da zankwayensa, hadari in ya haɗo daga gabas, duk mutum bai gama su ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa.

Game da shekaru kuwa, ga waɗanda suka riga mu. Akwai wata tsohuwa a Amurka, Anna Moses, matar manomi, an haife ta a 1860. Ɗinkin ado take yi har ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allura, sai ta koma ga buroshi tana dab da shekara 80. Galibin abin da ta zana rayuwar ƙauye ce da ta sani, gonaki da gidaje da hanyoyi. A 1938 wani matafiyi ya ga zanenta a tagar wani kantin magani ya saye duka, daga nan sunanta ya bazu. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101, ta bar zane fiye da 1,500.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Bill Traylor, baƙar fata, wanda aka haifa cikin bauta a Jihar Alabama. Ya ƙare ƙarfinsa a gonar wasu, da tsufa ya kama shi ya shigo birnin Montgomery ba gida ba dangi kusa, yana kwana a bayan shagon mutane. A 1939, yana da wajen shekara 85, ya fara tsintar yagaggun kwalaye yana zane a bakin titi. Cikin shekara 3 zuwa 4 ya yi fiye da 1,000. Ya rasu a 1949 cikin talauci, kuma sai a 2018 babban gidan adana zane na Smithsonian a Washington ya keɓe wa aikinsa baje koli na musamman. Kada kowa ya shiga wannan abu da tsammanin kuɗi. Shi kansa Churchill, Firayim Ministan Ingila na zamanin yaƙin Hitila, ya fara zane ne a 1915 yana da shekara 40, bayan an cire shi daga muƙaminsa na kula da sojan ruwa, domin ya rage baƙin ciki.

Farawa ba wuya. A sami buroshi 2 ko 3, babba da ƙarami, da fensir, da launi 5 kacal: fari, baƙi, ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. Shuɗi da ruwan ɗorawa su ba da kore, ja da ruwan ɗorawa da ɗigon baƙi su ba da launin bangon ƙasa. Kwalin sabulu ko guntun filawud daga wurin kafinta ya isa, a shafe shi da farin fenti a bari ya bushe tukuna. Fentin ruwa ya fi dacewa da dattijo, don na mai yana bukatar kananzir, warinsa na tayar da ciwon ƙirji, wasu kuma akwai dalma a ciki, saboda haka a yi nesa da jikoki. A zauna da hantsi a inuwa sa'ad da ido ke gani sosai. Lokacin hunturu a rufe aikin da ƙwarya ko tire, in ba haka ba ƙura ta manne masa. Na farko zai fito a karkace, na goma ma watakila. In abu ya gagara, a taka zuwa garejin masu fentin mota a gaishe su a zauna a yi kallo. Yaron da ke zana bayan tirela ba zai ƙi nuna wa sa'an kakansa yadda ake jan layi ba.

Me za a zana? Garin da aka bari. Tun 1924 da aka mai da mazaunin Sarkin Fika zuwa Fataskum garin ke girma, Ngizim da Karekare da Bolewa da Hausawa da Fulani da Barebari, ga hanyoyin Kano da Bauchi da Maiduguri sun haɗu a nan. Wanda ya bar shi a 1975 ya komo yau zai tarar bulo da kwano sun cinye ginin ƙasa, inda ya san gonar gero an yi unguwa. Ba kowane gida aka ɗauka hoto ba kafin a rushe shi. Siffar zauren mahaifinka, da inda rumbu yake, da wace kusurwa tsamiyar take, yanzu a kanka kaɗai suke. Jikanka da aka haifa a Idi-Araba, wanda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa, in ya zo hutu ya ga kwali rataye a zaure zai tambaya, "Kaka, nan ina ne?"