Shirin Musamman: Gumin Ma'aikaci da Haƙƙinsa

Shirinmu na musamman a yau zai leƙa zauren 'yan ƙwadago ne a Najeriya, inda duk taron da aka yi, maganar ba ta wuce abu uku: albashi, tabbacin aiki, da lafiyar ma'aikaci a bakin aikinsa. Sai ku biyo mu.

(KIƊA)

Mu fara da albashi, tunda shi ya fi amo. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sai da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta tsunduma yajin aikin gama-gari kafin a tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125. A 2011 ya koma naira 18,000, a 2019 kuma 30,000. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabi. Ranar 3 ga Yunin 2024, NLC da takwararta TUC suka dakatar da aiki, babban layin wutar lantarki na ƙasa ya mutu, jiragen sama suka kasa tashi. Kafin ƙarshen Yuli, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar naira 70,000, wadda za a riƙa sake dubawa duk bayan shekara uku.

Nasara ce, babu shakka. Amma a daidai wannan lokaci, buhun shinkafa mai kilo 50 ya kai wannan kuɗi, a wasu kasuwannin ma ya haura. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga magani. Sannan dokar kanta ba ta hau kan wanda yake da ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin rabin lokaci ko wanda ake biyansa la'ada ba.

(KIƊA)

Wannan ya kawo mu kan batu na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan sauran. Mai sauraro, ka je ƙofar wasu masana'antu a Sharaɗa ko Challawa da ke Kano da sassafe. Za ka tarar da samari sun yi cirko-cirko, kowa da ledar abincinsa, suna jiran mai kula da leburori ya fito ya nuna da yatsa: kai shigo, kai ma shigo, saura sai gobe. A cikinsu akwai wanda ya shekara biyar a kan inji guda, amma ko takardar ɗauka aiki ba shi da ita. Alhali dokar ƙwadago ta ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku, dole a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Haka abin yake a bankuna da dama, inda mai karɓar kuɗinka a kanta ma'aikaciyar wani kamfanin 'yan kwangila ce, babu ƙarin girma, babu garatuti.

Ko masu takardar ma sun ga ta kansu. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya cik a 2002. Ma'aikatanta sun kwashe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.

(KIƊA)

To, wanda ya san da baki kawai za a sallame shi, ta ina zai buɗe baki ya ce inji ba shi da kariya, ko ƙura tana cin ƙirjinsa? Shiru zai yi, ya ɗaure hanci da tsumma, ya ci gaba. Nan ne rashin tabbacin aiki yake zama barazana ga rai.

A watan Satumbar 2002, gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas. An kulle ma'aikata a ciki, gommai suka ƙone. A Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda a Kano sun fito da mutum fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa, inda aka tsare su watanni suna aiki ba sa ganin iyalansu.

Doka kam akwai ta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, ba tare da ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni, ko magadan wanda ya rasu a bakin aiki. Sai dai wanda sunansa ba ya cikin kowane littafi, tabbatar da cewa shi ma'aikaci ne ma wani yaƙi ne.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙwadago: kada gwagwarmaya ta tsaya a teburin Abuja. Ku sauko ƙofar masana'antu, ku yi wa 'yan wucin gadi rajista, ku matsa wa sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su shiga su duba da idonsu. Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, nemi takardarka, adana shaidar biyan albashinka, idan ka ji rauni ka sanar nan take, ka riƙe takardun asibiti. Idan an danne maka haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa don kai aka kafa ta, kuma zuwa da ƙungiya ya fi zuwa kai kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya mai da kowane ma'aikaci gida lafiya. Mu kwana nan.