Gurjiya

A cikin itatuwan ƙasarmu da wuya a sami wanda ya kai gurjiya kyan fure. Waɗansu mutane kurya suke ce da ita. 'Yar'uwar rimi ce, amma ba ta kai rimi tsawo ba. Galibi takan yi ƙafa 30 zuwa 50. Ana samunta a daji tun daga Senegal har ƙasar Cadi, har a wurin tsakuwa da marmara inda waɗansu itatuwa ba su yi.

Ɓawonta yana da kauri da kaushi, ga ƙayoyi gajeru a jikinsa, musamman tana ƙarama. Wannan ɓawo shi ke tsare ta daga gobarar daji. Ganyenta kuwa kamar tafin hannu yake, da yatsu biyar, wani har bakwai.

Da hunturu ya shigo sai ta kakkaɓe ganyenta sarai, wanda bai san ta ba ya ce ta mutu. To, a lokacin nan ne take fid da fure, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Furen ja wur ne, wani kuma ruwan lemo, girmansa kamar ɗan ƙoƙo. Ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe gari, sai ka hango ta daga nesa kamar an rataya garwashi a kan rassa. Da sassafe ƙudan zuma da tsuntsaye sukan taru a kanta don ruwan zaƙin da ke cikin furen. In ka tsaya a gindinta ka yi shiru, za ka ji amonsu. Ni a ganina, kowace makaranta ta cancanci gurjiya ko da guda ɗaya ce a filinta.

Amfaninta bai tsaya ga ado ba. A gindin kowane fure akwai wani ɗan kwanso da ke riƙe da shi. Mata sukan cire shi su shanya, su daka, su yi miya mai yauƙi kamar ta kuɓewa. Tibi suna son wannan miya ƙwarai, suna kiranta genger. Mosi na Burkina Faso ma haka, har a kasuwa suke sayar da busasshen.

Furen da aka bari shi ke zama ɗa. In ɗan ya ƙosa sai ya fashe, farar auduga mai laushi ta fito da ƙananan iri baƙaƙe a cikinta. Ba a kaɗa ta a yi zare, gama santsi gare ta, amma ana cusa ta a matashin kai da katifa. Ku yi hankali da ita kusa da fitila, don nan da nan take kama wuta. Icen kuma taushi gare shi, masassaƙa sukan yi ganga da kujera da akushi da shi.

Amma akwai abin lura. Waɗansu masu neman miya ba su da haƙurin tsinka, sai su sare reshe ɗungum. Furen da aka cinye ba ya yin ɗa, in babu ɗa kuwa babu iri. Shi ya sa a waɗansu wurare sai tsofaffin gurjiyoyi kaɗai ake gani, babu ƙanana. Mai tsinka ya kamata ya ɗebi na rassan ƙasa, ya bar na sama.

In kun tsinci irin, ku adana shi har damina, ku shuka inda rana ke samu sosai, ku kewaye da ƙaya saboda awaki.