Ingilishi: ku riƙe kalma tare da danginta

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ta bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga yaranmu ƴan lakwal, ga ƴan kasuwarmu masu zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano, kowa da buƙatarsa. To, shawararmu ita ce a daina haddace kalmomi ɗai-ɗai, a koye su gida-gida.

Mu fara da Hausarmu. Muna cewa noma, mai yi kuma manomi. Gyara aiki ne, abin da aka gyara gyararre. Tushe ɗaya ne, amma wata kalmar suna ce, wata aikatau, wata sifa. Haka Ingilishi yake, sai dai shi galibi a wutsiyar kalma yake yin ƙari.

Ku ɗauki "teach", wato koyarwa. A ƙara -er, ya zama "teacher", malami ke nan, mushen lakwal. "Care" kula ce; "careful" mai kula; "carefully" yin abu a hankali; "careless" kuwa marar kula. Kun ga kalma guda ta haifi uku.

Amma akwai tarko ga wanda ya taso da Faransanci. A can, -ment sau da yawa yana nuna yadda aka yi abu, kamar "rapidement", da sauri. A Ingilishi -ly ke wannan aiki: "quickly". Shi -ment suna yake ginawa, kamar "payment", biyan kuɗi. Kuma ba kowace -ly ce ke bin layi ba: "hard" da ƙarfi ne, "hardly" da ƙyar.

Abin ba na jarrabawa kaɗai ba ne. A takardar aiki "employer" shi ne mai ɗaukar ma'aikaci, "employee" wanda aka ɗauka. "Payer" mai biya, "payee" wanda za a biya. Harafi ɗaya tak ya raba mai bayarwa da mai karɓa, don haka a duba wutsiya kafin a sa hannu.

Iyaye, ko ba ku ji Ingilishi ba, in yaro ya kawo sabuwar kalma ku tambaye shi: ina ƴan'uwanta? Ya rubuta su a layi guda cikin littafinsa.