Ciwon Kalandar Shafin Intanet: Ƙarancin Ƙwaƙwalwa ko Rikicin Fulogin?

Gabatarwa

Sau da yawa makaranta ko ƙungiya takan kafa kalanda a shafinta na intanet domin sanar da jama'a ranakun laccoci da tarurruka da jarrabawa. Wata rana sai a wayi gari kalandar ta ƙi buɗewa, ba a ganin kome sai farin allo. Ɗalibin da ya dogara da ita ya rasa sanin ranar da aka mayar da jarrabawarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke haddasa wannan matsala da yadda ake gano tushenta, tare da ɗaukar misali daga manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a shekarar 2003.

Ma'anar Ƙarewar Ƙwaƙwalwa

Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba. An rubuta WordPress da harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Duk lokacin da mai karatu ya nemi kalanda, saba takan ware wani rabo na ƙwaƙwalwarta domin wannan aiki kaɗai. Rabon yana da iyaka, kuma iyakar da PHP ke zuwa da ita tun asali megabait 128 ce. Idan aikin ya nemi fiye da haka, sai PHP ya tsaya cik, ya bar saƙo cewa ƙwaƙwalwar da aka halatta masa ta ƙare. A cikin saƙon akan ga lamba 134217728, wato megabait 128 ke nan idan an ƙirga su bait-bait.

Saƙon kuma yakan ambaci sunan fayil da layin da aikin ya tsaya a kansa. To, a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin sukan ɗora laifi a kan wannan fayil. Alhali kuwa fayil ɗin yana kama da fasinjan ƙarshe da ya zo tasha ya tarar mota ta cika. Shi aka hana shiga, amma waɗanda suka riga shi su ne suka cinye wurin.

Abin da Ya Sa Kalanda Ta Fi Kamuwa

Kalanda tana da wata siffa da sauran sassan shafi ba su da ita, wato maimaita aukuwa. Alal misali, a ce wani sashe yana da darussa 20 da ake yi kowane mako, aka kuma umurci kalanda ta jera su har shekara 5. Ashirin sau 52 sau 5 ya ba da 5,200. Waɗansu manhajojin kalanda sukan adana kowace aukuwa daban a rumbun bayanai. Idan kuwa wani abu ya sa aka ɗebo su gaba ɗaya domin a nuna wata guda kacal, ƙwaƙwalwa za ta cika kafin a rubuta ko da kwana ɗaya a allo. Abin yakan fi muni idan mai shigar da bayani ya manta bai sa ranar ƙarewa ba.

Yadda Fulogin Ke Karo da Juna

Fulogin wata 'yar manhaja ce da ake ɗora wa WordPress domin ta ƙara masa wani aiki. Kalandar kanta fulogin ce, haka ma mai fassara shafi da mai tsaron shafi. Mutane daban-daban ne suka rubuta su, galibi ba su ma san juna ba, amma duka suna aiki a lokaci guda, suna kuma ci daga rabon ƙwaƙwalwa guda.

Rikicinsu iri uku ne a galibi. Na farko, fulogin biyu su ba ayyukansu suna ɗaya, sai PHP ya ƙi ci gaba. Na biyu, wata fulogin ta sa hannu a tambayar da kalanda ke aika wa rumbun bayanai, ta cire iyakar adadin abin da za a ɗebo. Na uku, wanda ya fi su haɗari, shi ne zagaye marar ƙarshe: an adana wata aukuwa, fulogin ta ji, ta gyara ta, ta sake adanawa, wannan adanawar ta sake tayar da ita, haka dai har ƙwaƙwalwa ta ƙare.

Hanyar Bincike

Kafin a taɓa kome, sai a kwafi shafin da rumbun bayanansa a ajiye, a kuma yi gwaji a kan kwafin idan da hali, domin rigakafi ya fi magani.

Mataki na farko shi ne a buɗe fayil ɗin wp-config.php, a kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG. Daga nan kurakurai za su riƙa taruwa a fayil mai suna debug.log, inda za a karanta su a tsanake.

Mataki na biyu, a ɗaga iyakar ƙwaƙwalwa zuwa megabait 256 ta hanyar WP_MEMORY_LIMIT, in mai saba ya yarda da haka. Wannan awo ne kawai. Idan kalanda ta buɗe, mai yiwuwa aikin ne ya yi nauyi. Idan kuwa saƙon ya dawo da lamba 268435456, to, akwai alamar zagaye marar ƙarshe, wanda ko nawa aka ba shi sai ya cinye.

Mataki na uku, a mayar da shafin kan ɗaya daga cikin rigunan ado na asali da WordPress ke zuwa da su, a kashe dukkan fulogin in ban da kalanda. Idan matsalar ta gushe, an tabbatar mai laifi yana cikin waɗanda aka kashe, ko kuma rigar adon da aka sauya ce. Maimakon a kunna su ɗaya bayan ɗaya, sai a kunna rabi. In ciwon ya dawo, yana cikin wannan rabin. In bai dawo ba, yana cikin ɗayan. A ci gaba da rabawa. Ta wannan dabara, fulogin 32 ba za su wuce gwaji 5 ba, muddin mai laifin guda ne.

Wanda kuma ƙofar gudanar da shafi ta rufe masa, yana da mafita biyu. Tun daga WordPress 5.2 na shekarar 2019, manhajar takan aika wa mai kula da shafi wasiƙar imel mai ɗauke da hanyar shiga ta musamman. In wasiƙar ba ta iso ba, sai ya shiga saba ya sauya sunan jakar plugins, duk fulogin su mutu a take.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ƙarin ƙwaƙwalwa yakan kwantar da ciwon na ɗan lokaci, amma warkewa tana ga gano abin da ke cinye ta. Bayan an gano fulogin mai laifi, sai a sabunta ta ko a maye gurbinta, a sa wa kowace aukuwa mai maimaituwa ranar ƙarewa, a share tsofaffi, a kuma kashe WP_DEBUG. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka kowace sabuwar fulogin a gwada ta a kan kwafin shafi kafin a kai ta gaban jama'a.