Tafiya Kallon Ganyen Kaka a Amurka

Kowa ya san kuka. Da damina ta kan cika da ganye, da rani kuwa sai ta zubar da shi, ta tsaya tsirara. Rashin ruwa ne ya ke sa ta haka. To, a arewacin Amurka ma itatuwa su kan zubar da ganye, amma su shirin sanyi su ke yi. Kafin ganyen ya zube sai ya rikiɗe, wani ja, wani rawaya, wani ruwan goro. Mutane har mota su kan shiga su tafi kallo.

Akwai wata jiha can, sunanta Niyu Hamsha. Ƙasar duwatsu ce da kurmi. A shekarar 1959 aka buɗe wata hanyar mota da ta ratsa duwatsun, daga garin Linkon zuwa garin Konwe. Tsawonta wajen mil 34. Ana kiranta Kankamagas, watau sunan wani sarkin mutanen ƙasar na asali, wanda ya yi zamani fiye da shekara 300 da suka wuce. Hanyar ta yi ta hawa har ƙafa 2,855, sa'an nan ta gangara ta bi gefen kogi. Ba gidan mai a kanta, ba kanti. Tilas direba ya cika tanki kafin ya tashi.

Me ya ke sa ganye ya sāke kama? Koren nan da ku ke gani a ganye, da shi itace ya ke yin abincinsa a hasken rana. Cikin watan Satumba yini ya kan ragu, dare ya ƙaru. Sai itacen ya daina yin koren, ya janye abin amfaninsa cikin rassa da saiwa. Da ma akwai rawaya a ɓoye ƙarƙashin koren, sai ta bayyana. Shi ja kuwa sabo ne, daga zaƙin da ya rage cikin ganyen ya ke samuwa. In rana ta yi haske, dare kuma ya yi sanyi, jan ya kan fi kyau. Itacen da ya fi suna wajen ja shi ne mapul. Ruwan jikinsa a ke dafawa ya zama kamar maɗi.

Kwanakin kallon ba su da yawa. A duwatsun nan ganye ya fi kyau farkon Oktoba, ba ya wuce mako biyu ko uku. Masu masaukin baƙi da masu sayar da abinci na garuruwan sun sa rai ƙwarai da waɗannan kwanaki, kamar yadda manomi ya ke sa rai da kaka. In aka yi iska da ruwa mai ƙarfi, dare ɗaya ya isa ya kakkaɓe ganyen. Baƙon da ya zo bayan haka sai ya tarar da rassa kawai.