Gyara Bayanan Fanshonka Tun Kana Bakin Aiki

Duk wanda ya taɓa raka dattijo ofishin kamfanin fansho ya san maganar da ke kashe jiki: "Baba, bayananka ba su yi daidai ba." Kuɗin na nan a ajiye, amma kwamfuta ta ƙi yarda cewa Baba ne mai su.

Bisa dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun ma'aikacin mai lambar PIN. Masu kula da na'urorin kamfanin fansho su ke tabbatar da kowane kwabo ya faɗa asusun mai shi. Su ke adana bayanai, su gyara idan tsarin ya tsaya, su toshe ƙofa ga masu kutse. Sai dai ba su da ikon sauya maka suna ko shekaru ba tare da takardar shaida ba.

A 2019 hukumar PenCom ta kawo sabon tsarin rajista da ke gwada bayanan mutum da na lambarsa ta NIN, ta kuma buƙaci waɗanda suka buɗe asusu kafin 1 ga Yulin shekarar su je a sake ɗaukar bayanansu. Nan ne matsaloli ke fitowa. Wani Muhammad ne a katin ɗan ƙasa, Mohammed a takardar ɗaukar aiki. Wata ta koma amfani da sunan miji bayan aure. Wani ranar haihuwarsa biyu, wani kuma ya buɗe asusu biyu. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya riƙe haƙƙin mutum watanni.

A kula da 'yan damfara ma. Sukan kira waya su ce su ma'aikatan kwamfuta ne, za su gaggauta maka biya idan ka turo kuɗi ko lambar sirrin katin banki. Sake ɗaukar bayanai kyauta ne, haka ma tantancewar da hukumar PTAD ke yi wa 'yan fanshon tsohon tsari.

Ma'aikaci, ɗauki takardar NIN da ta ɗaukar aiki ka je ofishin kamfanin fanshonka da ƙafarka. Duba sunanka harafi bayan harafi, ka tabbatar da sunan magajin da ka rubuta, ka riƙa bin saƙon shigar kuɗi duk wata. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.