Sabunta Ilimin Jami'an Jinya na Soja Masu Aiki Ba Tare da Likita Ba: Misali Daga Rundunar Amurka

Gabatarwa

A watan Satumba na 1942, a cikin jirgin yaƙin Amurka mai tafiya a ƙarƙashin teku, Seadragon, wani jami'in jinya mai suna Wheeler Lipes ya yi wa wani matuƙi tiyatar cire afendis, alhali shi ba likita ba ne. Majinyacin ya rayu, amma hukumomin lafiya na rundunar ba su yi na'am da hakan ba. A yau, abin da ake koya wa irin wannan jami'i shi ne ya ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ya nemi shawarar likita ta na'urar sadarwa, har a samu damar kwashe majinyaci. Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa horon farko kaɗai ba ya isar jami'in da ke aiki nesa da likita.

Tsufan Ilimi

A asibiti, idan ma'aikaci ya yi aiki da tsohuwar ƙa'ida, likita ko abokin aiki zai gyara masa nan take. Wanda ke jirgin ruwa ko ƙaramin sansani kuwa, ba mai ganin kuskurensa. Misali mafi bayyana shi ne ɗamarar tsayar da jini. An daɗe ana koyar da cewa kada a ɗaura ta sai an rasa yadda za a yi, don gudun lalacewar gaɓa. Bayan faɗan Mogadishu na 1993, aka sake nazari, kuma a 1996 aka wallafa sababbin ƙa'idojin kula da raunuka a fagen daga, waɗanda suka sa ɗamarar a sahun gaba. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan sun tabbatar da cewa tana ceton rai. Jami'in da ya tsaya a kan tsohon darasi zai iya barin soja ya mutu cikin 'yan mintoci, yana ganin daidai yake yi.

Hanyoyin Sabuntawa

Rundunar ruwan Amurka na horar da irin waɗannan jami'ai na kimanin shekara guda kafin a tura su. Bayan haka, kowane jami'i yana da likita mai kula da shi daga nesa, wanda ke bitar bayanan majinyatansa lokaci-lokaci. Ana kuma wajabta masa ƙarin karatu, tare da komawa asibiti don hannu ya saba, domin dabarar da ba a yawan amfani da ita, kamar buɗe hanyar numfashi ta maƙogwaro, saurin dushewa take yi.

Kammalawa

Ƙarin karatu ga wannan jami'i shi ne madadin idon likita. Yana koya masa sabon abu, yana raba shi da tsohon da aka soke, yana kuma tunatar da shi iyakarsa, wato lokacin da ya wajaba ya nemi a kwashe majinyaci.